LAFIYA UWAR JIKI: Ba a fafe gora ranar tafiya

 

Hatsi ya shiga rumbu. Yanzu kuma lokacin tafiya ya zo. Wanda ya je tashar mota a Tawa, ko Ƙonni, ko Maraɗi, ko Damagaram, zai ga abin da nake faɗi. Da can samari ne kawai ke tafiya cin rani, su komo da ruwan farko. Yau abin ya canza. Magidanci ya samu wurin zama a Abijan, ko Kumasi, ko Ankara, ko Lome, sai ya aiko da kuɗin mota, ya ce a kawo masa matarsa da yara. Wani Kamaru zai kai iyalinsa. Wani Aljeriya. Wani kuma Makka ya nufa, da niyyar zama.

In tafiya ta tashi, kowa ya san abin da ake shiryawa. A daka gumba. A ƙulla yaji da kuka da daddawa. A ɗinka wa yara sababbin riguna. A nemi katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa. A je a yi wa dangi ban kwana, malam ya yi addu'a. Duk wannan daidai ne. Amma akwai abu guda da ake mantawa, sai an kai bakin iyaka a tuna da shi. Shi ne allurar rigakafi, wadda wasu ke ce wa lamba, wasu shaushawa. Maganarta za mu yi a wannan wata.

Mu fara da takardar da ake tambaya a kan iyaka. Ƙaramar takarda ce mai launin ɗorawa, da faransanci ana ce mata karne jon. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ita ta tsara ta, don haka kowace ƙasa ta san ta. Abin da ke cikinta shaida ce cewa an yi wa mutum allurar zazzaɓin shawara. Gana tana neman ta. Kodibuwa tana neman ta. Haka Togo, da Benin, da Najeriya, da Kamaru. Aljeriya da Saudiyya ma suna neman ta ga wanda ya fito daga Nijar. Mu ma nan, baƙon da zai shigo ana tambayar sa. Ba manya kaɗai ba. Yaro da ya kai wata 9 ya shiga lissafi, a wasu ƙasashe kuma daga shekara 1.

A nan sai mu bambanta. Mu Hausawa, duk wanda idonsa ya yi ɗorawa sai mu ce shawara ce. To, shawara iri-iri ce. Akwai wadda ciwon hanta ke kawowa. Akwai wadda masassara mai tsanani ke kawowa. Wadda ake yi wa wannan allura dabam take. Sauro ne ke ɗauke da ita, wani ƙarami mai zanen fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana. Yana haihuwa cikin randa da ba a rufe ba, da tsohuwar taya, da gwangwanin da ruwa ya kwanta ciki. A ƙasashen kurmi cutar tana zaune jikin birai, sauro ya ɗauko daga biri ya kai wa mutum, daga mutum kuma ya kai wa wani. Tana farawa da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon baya. Yawancin mutane sukan tashi bayan kwana 3 ko 4. Amma wasu, bayan sun ji kamar sun samu sauƙi, sai ciwon ya komo da ƙarfi. Ido ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita ta hanci da baki, amai ya yi baƙi. Cikin waɗanda suka kai nan, wajen rabi ne ke rasuwa. Kuma har yau ba a samu maganin da ke kashe cutar ba. Allura kaɗai ke tare ta.

Kada wani ya ce tsohon labari ne. A 2016 ta ɓarke a Angola, ta haye Kwango, har wasu ƴan ƙasar Sin da ke aiki can suka koma gida da ita. A 2017 ta sake bayyana a Najeriya, maƙwabciyarmu.

Abu biyu nake so kowa ya riƙe game da wannan takarda. Na farko, ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura. Dalili kuwa, jiki yana buƙatar waɗannan kwanaki kafin ya haɗa abin da zai yi faɗa da cutar. Wanda aka yi wa allura yau, ya shiga mota gobe, bai tsira ba tukuna, kuma mai duba takarda yana da ikon tsayar da shi. Na biyu, allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa. Da can takardar shekara 10 take yi ta mutu. Tun ranar 11 ga watan Yuli 2016 aka soke wannan. Ko tsohuwar takarda ce, in ta gaskiya ce, tana nan da ranta. Wanda ya ce maka taka ta mutu, sai ka biya a sake, kuɗinka yake so.

Yanzu mu zo wurin da ƙura take. A tashoshin mota akwai masu sayar da wannan takarda. Ka ba da kuɗi, a rubuta sunanka, a buga hatimi, ba a taɓa jikinka da allura ba. Wasu matafiya kuma ba su ma saye. Sun ce in an kai iyaka, a sa jikka ɗaya ko biyu cikin katin ɗan ƙasa a miƙa, a wuce. Na san ana yi. Ku ma kun sani. Kuma sau da yawa ana wucewa.

To, an wuce ɗan sanda. Sauro fa? Sauro bai iya karatu ba. Ba ya duba hatimi, ba ya karɓar jikka. Mutum ya biya kuɗi a kan iyakar shiga, ya biya a ta fita, bana ya biya, baɗi ya biya. In aka tara, ya ninka kuɗin allurar gaskiya sau da yawa, kuma jikinsa yana nan a buɗe. Babba da ya yi wa kansa haka, shi ya sani. Amma a saya wa yaro ɗan shekara 2 takardar ƙarya, a kai shi kurmi, wannan ni a wurina cin amana ne. Yaron bai san an yi ba.

Ba kowane gidan likita ke ba da takarda mai ɗorawa ba. Akwai wuraren da gwamnati ta ba izini, su ke da hatimin. Ku tambayi manjo na gidan likitan garinku, zai gaya muku wuri mafi kusa. Kuma akwai waɗanda ba a yi wa wannan allura, ko kuma sai lokotoro ya auna tukuna: jariri da bai kai wata 6 ba, mace mai ciki, wanda cin ƙwai ke tayar masa da ciwo mai tsanani, da wanda wata doguwar cuta ta raunana jikinsa. Tsoho da ya haura shekara 60 shi ma a faɗi shekarunsa kafin a yi. Irin waɗannan lokotoro yakan rubuta musu takarda ta dabam, mai bayyana dalili. Kada mace ta ɓoye ciki don kunya. Ta gaya wa unguwarzoma ta gidan likita a asirce.

Takarda mai ɗorawa ta iyaka ce. Akwai wata wadda ba mai tambayar ta a hanya, amma a ganina ta fi ta nauyi. Ita ce karnen yaro, wanda ake ba uwa wurin awo. Ku da kuka yi karatun manya, ga inda karatunku zai yi amfani. Ku ɗauko karnen yanzu, ku buɗe, mu duba tare.

Za ku ga haruffa BCG. Wannan ta tarin fuka ce, ana yin ta da haihuwa. Ita ce ke barin ɗan tabo a hannu. Za ku ga VPO. Wannan ɗigon shan inna ne, na baki. Kusa da shi akwai VPI, ita ma ta shan inna ce, amma allura. Za ku ga Penta 1, Penta 2, Penta 3. Allura ɗaya ce mai tare cuta 5: mashaƙo, da tarin shiƙa, da tetanos mai sarƙe haƙora, da wani irin ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai kawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau ga jarirai. Ana yin ta in yaro ya cika sati 6, da sati 10, da sati 14. A waɗannan ranaku ne kuma ake ba da ta ciwon haƙarƙari da ɗigon zawo. Daga nan sai wata 9. Za ku ga VAR, ta ƙyanda ke nan. Za ku ga VAA, ta zazzaɓin shawara. Akwai kuma ta sanƙarau. Sa'an nan a cikin shekararsa ta biyu a koma a yi VAR ta biyu. Wannan ta biyun ita ce mata suka fi mantawa, don a lokacin yaro ya fara tafiya, uwa ta daina zuwa awo.

Gaban kowane suna akwai gurbi. In an yi allurar, za ku ga kwanan wata: rana, wata, shekara. In gurbi yana nan fari, ba a yi ba. Ku ƙirga fararen gurabu. Su ne ƙofofin da kuka bari a buɗe.

Waɗannan allurai na yara kyauta ne a gidan likita na gwamnati. In an tsallake wata, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ci gaba. Ko yaro ya wuce lokaci, a kai shi, malamin likita ya san abin da ya dace da shekarunsa. Amma ba a haɗa Penta uku a rana ɗaya. Tsakanin ɗaya da ɗaya sai an bar sati 4. Ku lissafa da kanku. Yaron da ba a taɓa yi masa ba, daga ta farko zuwa ta uku wata biyu ke nan. Shi ya sa na ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da maigida ya aiko da saƙo cewa a shirya, washegari a tafi gidan likita da yara duka da karnensu. In lokaci ya ƙure, a yi abin da ya samu, sauran a cika can.

Can ɗin ma akwai awo. A Kodibuwa da Togo da Benin yawancin haruffan iri ɗaya ne da namu. A Gana da Najeriya da ingilishi suke rubutawa, amma BCG da Penta sunansu bai canza ba, VPO kuma su OPV suke ce mata. Malamar awo ta can za ta gane karnenku. Kada a ji tsoron zuwa don ana baƙi. Sati na farko da sauka, uwa ta tambayi matan zango inda suke kai yaransu, ta bi su.

Me ya sa nake matsawa a kan yara? Ku dubi yadda tafiyar take. Kwana biyu, kwana uku cikin mota, mutum 60 ko 70, tagogi a rufe saboda ƙura. In yaro ɗaya yana ɗauke da ƙyanda, ya isa. Ƙyanda tana bin iska. Mai ita ya yi tari ya fita daga ɗaki, cutar tana iya zama cikin iskar ɗakin har awa 2. Cikin yara 10 da ba a yi wa allura ba, in sun zauna kusa da shi, 9 za su iya kamuwa. Kuma yana rarraba ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwarsa ke cewa mura ce. Bayan an sauka kuma, ina za a zauna? Gidan haya a Ajame ko Abobo, ko Nima a Ankara, iyali goma cikin gida ɗaya, famfo ɗaya, yara suna wasa wuri ɗaya. Sai bayan kwana 10 ko 12 ciwon ya tashi. Ga baƙunta, ga rashin kuɗi, ga babu kaka kusa. Mun san abin da ƙyanda ke bari ko ta bar yaro da rai: zawo, da tamowa, da ciwon kunne, wani lokaci har makanta.

Mashaƙo kuwa da yawa sun ɗauka ya tafi. A 2023 ya komo. Ya yi ɓarna a Kano, ya kama yara a Matamai da sauran yankin Damagaram. Wata fata ce ke toshe maƙogwaro har numfashi ya gagara. Yawancin waɗanda ya kama ba a yi musu Penta ba, ko ba a cika ba. Tsakanin Kano da Matamai kullum mota tana kai da kawowa. Cuta ba ta san iyaka ba.

Mata masu ciki, ku ma da taku. A karnen awon ciki za ku ga VAT ko Td. Ta tetanos ce. Ƙwayar wannan cuta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga ta cibiya, in an yanke da reza mai datti ko an shafa abin da bai kamata ba. Jariri ya fara shan nono lafiya, sai wajen ranar suna ya kasa kama nono, baki ya ƙulle, jiki ya sandare. Kaɗan ne ke tashi. Uwa in an yi mata allura, ita ke ba ɗanta kariya tun yana ciki. Ana so ta samu biyu aƙalla, da sati 4 tsakani, ta biyun kuma sati 2 ko fiye kafin haihuwa. In ta cika 5 a tsawon shekaru, ta rufe dukan shekarunta na haihuwa. Mace da za ta haihu a baƙon wuri, inda ba ta san hannun da zai karɓi haihuwar ba, kada ta tashi ba ta yi ba. Maza ma masu aikin gini, da masu tara tsohon ƙarfe, da masu aikin gonar koko da adda, wannan allura ta shafe su.

Masu niyyar Makka, ku matso. Ku bayan takarda mai ɗorawa akwai ta sanƙarau. Saudiyya tana neman ta ga mai hajji, da mai umra, da mai zuwa aiki a wuraren hajji. Ita ma sai ta kwana 10 kafin a shiga. Akwai iri mai shekara 3, akwai mai shekara 5, don haka a duba abin da aka rubuta. Dokar tana da dalili. A hajjin 1987 sanƙarau ya ɓarke a Makka, alhazai suka kai shi ƙasashensu, shekarar da ta biyo ya yi ɓarna a Cadi da Sudan. A 2000 wani iri dabam ya sake tashi a hajji, a 2002 irin nan ya kashe mutane da yawa a Burkina Faso.

Mu ba sai an gaya mana sanƙarau ba. Daga hunturu zuwa bazara muna cikin hanyarsa. Wani zai ce, ai an yi mini tun 2010 ko 2011, lokacin da aka bi gari gari. Gaskiya ne, kuma allurar nan ta yi aiki ƙwarai. Amma sanƙarau gida-gida ne, ana kiran su da haruffa. Ta 2010 gidan A kaɗai ta tare. Wanda ya faɗo mana a 2015, ya kama mutum wajen 8,500, ya kashe fiye da 500, ya cika gidajen likita na Yamai, gidan C ne. Ta Makka tana tare gida huɗu: A, da C, da W, da Y. Saboda haka tsohuwar ba ta maye gurbinta. A 2024 an fara amfani da wata sabuwa mai tare gida biyar, Najeriya ta fara, Nijar ta biyo.

Saudiyya tana kuma sa ido a kan shan inna. Wanda ya fito daga ƙasar da cutar ke yawo akan nemi shaidar ɗigo, kuma akan ɗiga masa a baki in ya sauka, ko da gemunsa fari ne. Kada alhaji ya ji an raina shi. Babba yana iya ɗauke da cutar cikin hanji, shi ba ta taɓa shi ba, ya kai wa jikansa.

A nan dole in taɓa maganar da ake yi a majalisa, cewa allura tana hana haihuwa. A 2003 wannan magana ta sa aka tsayar da ɗigon shan inna a Kano, har zuwa 2004. Me ya biyo baya? Cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Ta kai Sudan, ta kai Yaman, ta kai har Indunusiya. Yara suka shanye. Da aka koma ɗigo, sai cutar ta ja baya. An ga na ƙarshe na asalin cutar a Borno a 2016, a watan Agusta 2020 kuma aka ce ta ƙare a Afirka. Sauran ta suna Pakistan da Afganistan. Amma akwai wani reshe da ke tasowa inda yara da yawa ba su samu ɗigo ba, shi ya sa har yanzu ake bi gida gida.

Ku tambayi tsofaffinku su nuna muku damtse. Za ku ga tabon lambar agana. Tun daga 1967 aka bi ƙasashenmu da wata bindigar allura da ake takawa da ƙafa, ana yi wa babba da yaro. A 1980 aka ce agana ta ƙare a duniya. Yaran yau ko sunanta ba su sani ba. Ƴan matan da aka yi wa lamba a shekarun nan, su ne kakanninmu na yau. Ku ƙirga ƴaƴansu da jikokinsu, sa'an nan ku gaya mini ko ta hana haihuwa.

Makiyaya sun fi kowa sanin wannan. Bushiya tana shiga garke ta share shi. Da allura aka kore ta, a 2011 aka ce ta ƙare a duniya. Har yau mai shanu da zai ƙetare iyaka yakan nemi takardar malaman dabbobi, mai nuna an yi wa garke allura. To, in an yi wa saniya, a tuna da yaron da ke bin ta. Ranar da ƴan rigakafi suka zo rijiya ko kasuwa, a kawo yara da mata, kada a kawo dabbobi kaɗai.

Gaskiya ne yaro yakan yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu bayan allura, wurin ya ɗan kumbura, ya yi ta kuka. Wannan ba cuta ba ce, alamar jiki yana aiki ne. A ba shi nono sosai, a ba shi maganin zazzaɓi yadda malamin likita ya faɗa. In abin ya wuce haka, a koma da shi. Ɗan mura ko ɗan zawo ba ya hana allura. Kuma kada a yarda da mai yawo da allura a kasuwa. Maganin rigakafi cikin firiji yake zama, in ya sha zafi ya lalace. Wanda ya fito da shi daga aljihu ko daga tebur cikin rana, ruwa yake sayarwa.

Masu zuwa Turai ba su da yawa cikinmu, amma akwai. Can a lakwal ake tsayar da mutum. A Faransa, yaran da aka haifa daga 2018 sai da shaidar rigakafin cuta 11 ake karɓar su, a 2025 kuma an ƙara na sanƙarau. Cikin nasu akwai ta hangum, wadda ba ta cikin karnenmu. Can za a cika. Amma yaro da ya je ba karne, sai a ɗauka ba a yi masa komi ba.

Masassarar cizon sauro ita ma yanzu tana da allura ta ƙananan yara. A Nijar an fara ta a Gaya, watan Satumba 2024. Kamaru ta fara a farkon shekarar, Gana kuwa tun 2019. Sau huɗu ake yi, kuma tana rage ciwon ne, ba ta hana shi duka. Mu nan masassara ta damina ce. A kurmi babu rani gare ta, shekara duka ana yi. Don haka gidan sauro ya shiga cikin kaya tun kafin tukunya. Waɗanda suka daɗe a Libiya ko Aljeriya ko Makka kuma, in za su komo gida, su sani jikinsu ya manta da masassara, yaran da aka haifa can kuwa ba su taɓa sanin ta ba. Zazzaɓi ya kama su, a kai su gidan likita ran nan. Amai da gudawa ba a neman takardarsa a iyaka. Amma mutanen Madarunfa ba su manta 2018 ba. Ruwan hanya a kula da shi, a wanke hannu da sabulu.

Saura ajiyar takarda. Karne ba ya son ruwa, ba ya son gara, ba ya son hannun yaro. A sa shi cikin leda, a haɗa da takardar haihuwa. Kada a sa shi cikin buhun da za a ɗaura bisa mota. Ya zauna jikin uwa. Mai salula ya ɗauki hoton kowane shafi. Wanda ya iya rubutu ya kwafe sunayen allurai da kwanan watansu cikin littafinsa, wannan ma aikin gida ne mai kyau ga ɗaliban karatun manya. In karne ya riga ya ɓata, a koma gidan likitan da aka yi allurar, suna da babban littafi da suke rubuta sunayen yara. Tabon hannu ba ya isa shaida. BCG kaɗai yake nunawa.

Akwai kuma yaran da ake maidowa. An haifi yaro a Abijan, ya isa yaye, sai a ba wani ɗan gari mai komowa ya kawo shi wurin kaka. A haɗo shi da riguna da takalmi da biskit, karne kuwa yana can cikin akwatin uwa. Yaye yana faɗawa daidai lokacin VAR ta biyu. Kaka ba ta san an yi ba, ba ta san ba a yi ba. Sai rani ya zo, ƙyanda ta shigo gari. Duk wanda aka ba yaro ya kawo, ya ce a ba shi da karnensa. Kaka kuma, in an kawo miki jika, ki kai karnen wurin mai karatu ya duba miki fararen gurabu, ki kai shi awo ranar kasuwa mai zuwa.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar tarin hunturu da ciwon haƙarƙari na yara. Wanda ke da tambaya ya rubuta da hannunsa, ya ba malamin karatun garinsu ya aiko mana.